Inda Gwaggo Ta Sa Aka Haƙa Burtsatse

A farkon shekarun 1980 na dawo gida Dutsin-Ma bayan na daɗe ina yawon fatauci a Maraɗi da Kumasi da Khartum. Saboda ina jin Turanci da Fillanci, sai masu haƙa rijiyoyin burtsatse suka ɗauke ni tafinta. Injiniyanmu Kirista ne daga kudu, mutum mai haƙuri, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba.

Aikinmu na farko a wani ƙauye ne kusa da Dabawa. Muka tara maza, suka zaɓi gindin darbejiya a ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama. Ruwa ya fito garau. Bayan wata biyu muka koma, muka tarar mata suna nan suna zuwa tsohon kududdufinsu, ƙafafun wasu a kumbure da kurkunu. Injiniya ya ce jahilci ne. Ni ma ban ga dalili ba.

Daga nan aka tura mu wani ƙauye a ƙasar Kurfi, wajen Barkiya, inda gwaggona take aure tun ina yaro. Rijiya ɗaya tak aka ba su. Nan ma maza suka nuna ƙofar gidan mai gari. Da na shiga gaida gwaggo na ba ta labari, sai ta ajiye audugar da take kaɗi ta tambaye ni wace matar aure ce za ta sunkuya tana tuƙa famfo a gaban surukinta, alhali ko sunansa ba ta faɗa. Ta ce gara su sha ruwan kududdufi da su yi wannan rashin kunya, kuma in aka haƙa a can, surukarta da kurkunu ya kwantar bara bana ma za ta kwanta.

Kunya ta kama ni. A Kumasi na ga mata suna tsayawa gaban sarki su faɗi abin da suke so. A Maraɗi na ga rijiyoyin mata a bayan gari, ban taɓa tambayar dalili ba. Na zaga duniya, na manta abin da ake yi a gidanmu.

Matan aure ba sa zuwa taron maza, don haka gwaggo ta ji ra'ayinsu a wani suna da aka yi ranar Laraba. Bakinsu ya zo ɗaya: bayan gari, inda lungunan gidaje ke fita. Saura faɗa wa mai gari. Sai aka yi dace shi taubashinta ne, ɗan mace da 'yar namiji, babu maganar da ba za ta gaya masa ba. Ta ɗauki tsofaffi biyu, suka zauna daga bakin zaure.

"Ranka ya daɗe, bawana," in ji ta, "yaushe rabonka da ɗaukar tulu?"

Ya ce, "Tun ranar da na ga yadda tulu ya tanƙwara maki wuya na tuba."

"To wanda bai ɗauka, mi ya kai shi zaɓen wurin ɗiba?"

Zaure ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce ba a taɓa jin mata sun yanke wa gari shawara ba. Liman ya amsa masa cewa ba a taɓa haƙa burtsatse a garin ba ma, kuma suturta mata lada ne. Mai gari ya ce a bi ta tsohuwa, amma in ruwa bai fito ba, ita za a riƙa nunawa da baki.

Na fassara wa injiniya. Ya auna wurin, ya ce akwai dutse, bai ɗauki alkawari ba. Kwana uku inji yana ta aman farin garin dutse. Maza suna wucewa suna tambayar gwaggo ko tuwo za ta tuƙa da shi. Ita kuwa kullum tana zaune kan tabarmarta a gefe.

Rana ta huɗu da hantsi garin ya fara fitowa da danshi, sai laka, sai ruwa ya yi tsiri ya jiƙa mu duka. Guɗa ta tashi daga gida zuwa gida, daga bakin matan da ba su ma ga ruwan ba tukuna.

Aka kewaye wurin da zana. Mai gari ya ce mabuɗin famfo ya zauna hannun tsofaffin nan uku, su ne za su faɗi lokacin buɗewa da rufewa. Injiniya kuwa, duk ƙauyen da muka shiga daga baya, kafin a sauke inji sai ya ce in nemo masa tsofaffin mata tukuna.

Da damina ta faɗi na koma gaida gwaggo. Surukarta ce ta kawo mini ruwa a ƙwarya, tana tafe da ƙafafunta lafiya lau, ta durƙusa ta ajiye ta koma ɗaki.