Sanarwar da Ba a Karanta wa Habu Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Habu, kuma wallahi saura ƙiris in bar wannan magana ta ci gaba da kwanciya inda take. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na ce da kaina, Sale, mutum ya tafi, ƙasa ta rufe idonsa, me zai sa ka tono abin da shi kansa bai so a tona ba? Sai da na je unguwar Takur a Dutse na gaida mai ɗakinsa, Hajiya Binta, na faɗa mata abin da ke raina. Ta ce, "Rubuta, Malam Sale. Amma ka rubuta yadda aka yi, ban da gishirin nan naka." To, ga shi na rubuta. Gishirin kuma na rage iya yadda hali ya bari.

Habu taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk tsiyar da zan yi masa a nan halak ce. Tare muka tashi a Miga, a zauren mahaifinsa, Kawu Malam, inda ake karatun allo da safe, manya kuma su zo ɗaukar littafi bayan la'asar. Da muka girma ni na kama hanya, ina fataucin riɗi da zoɓo, yau Maigatari, gobe Damagaram, jibi Legas. Shi kuma Allah ya ba shi murya, ya samu aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Dutse, yana gabatar da shirin manoma.

Wanda bai ji shirin nan ba zai ce ina zuga shi ne don nawa ne. Manomi kan jingina fartanya ya ƙure rediyo don ya ji ko Malam Habu ya ce a yi shuka ko a ƙara jiran ruwa. Abin dariyar kuma, a duk danginmu babu gonar da ta kai tasa lalacewa. Geronsa in ya yi tsawo ya kai ƙugu. Nakan ce masa, "Ɗan Malam, kai dai noma a baki." Ya ce, "Kai kuma fatauci a ƙafa. Shekara nawa kana yawo, ko keke ba ka kawo mana tsaraba ba."

Ga yadda abin ya faru, kamar shekara uku kafin rasuwarsa. Ya je wani ƙauye a yankin Miga ɗaukar hira da mata masu yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Yadda suka saba aiki, shi yakan tsaya a zaure, abokiyar aikinsa Malama Ladi ta shiga cikin gida da rikoda ta ɗauko muryar matan. Ranar nan ɗanta ba lafiya, ba ta zo ba. Maigidan da za a yi hirar a gidansa kuma yana gona. Habu ya yi sallama, uwar mijin, tsohuwa ce da kunnenta ya yi nauyi, ta leƙo ta ce, "Shigo mana, ɗana, ai kai na gida ne, kullum muna jin ka." Shi kuwa ya shiga. Ɗan malami guda, wanda ya fi kowa sanin ba a haka, ya shiga gidan mutum mutumin ba ya nan, don kada shirin mako ya faɗi.

Bayan kwana biyu sai ga maigidan a ƙofar gidan rediyo, shi da 'yan'uwansa. Suka ce ba shiga kaɗai ya yi ba, ya faɗa wa matar gidan maganar da ba ta dace ba, kuma ita ce ta faɗa da bakinta. Suka zauna a bakin ƙofa suka ce ba za su tashi ba sai an ba su amsa.

Manajan gidan a lokacin, wanda zan kira Alhaji Manaja kawai, mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya zalunci kowa ba. Amma ya tsorata. Ga mutane a ƙofa, ga masu gidan rediyon suna bugo waya. Sai ya rubuta takarda cewa an dakatar da Habu saboda zargin rashin ɗa'a har sai an gama bincike. Da a aljihun Habu takardar ta tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma don mutanen ƙofa su ji an yi wani abu, sai ya miƙa ta a karanta a filin sanarwa.

Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san filin sanarwa. Shi ne lokacin da ake cewa yara su yi shiru. A nan ake jin wane ya rasu, za a yi jana'iza ƙarfe kaza. A nan ake cigiyar saniyar da ta ɓata. Abin da aka faɗa a wannan fili ba a musu a kansa, don ba a taɓa sanar da rasuwar wanda bai mutu ba. A nan aka karanta sunan Habu, bayan rasuwa biyu, kafin cigiyar wani ɗan maraƙi. Ni a cikin mota na ji, muna dawowa daga Maigatari da kaya. Direban, bai san dangantakarmu ba, ya girgiza kai ya ce, "Kai, duniya. Ashe shi ma haka yake." Ya ji kalmar zargi sarai, ya ji ta bincike. Amma a wurinsa an gama shari'a, tunda rediyo ta faɗa.

Abin da ya biyo baya ba hayaniya ba ce, kuma da hayaniyar ce da ta fi sauƙi. A masallacin unguwarsu a Takur, in liman ya yi tafiya Habu ke jan salla. A makon nan liman ya je Kano. Aka tayar da iƙama, Habu ya taka zai shiga gaba yadda ya saba, sai ya ga wani ya riga shi tsayawa. Habu ya ja da baya ya shiga sahu. A Miga kuma, wasu daga cikin masu ɗaukar karatu a zauren Kawu Malam suka fara samun uzuri. Tsohon bai taɓa tambayar kowa dalili ba, ya dai rage yawan tabarmin da ake shimfiɗawa.

Da na je wurin Habu na same shi a tsakar gida yana gyara wata tsohuwar fanka da ba abin da ya same ta. Na so in sa shi dariya, na ce, "Ɗan Malam, ni da na zaga duniya ba a taɓa kiran sunana a rediyo ba, kai kana zaune an haɗa ka da ɗan maraƙi." Ya yi murmushi kaɗan. Sai na sauke murya na ce, "Tsakaninka da Allah, me ya faru?" Ya ce, "Na shiga gidan mutum ba ya nan. Wannan na yi, kuma na ci a hukunta ni a kai. Sauran ban yi ba." Na fara cewa to wannan mata, sai ya ɗaga hannu. "Kul. Ba ka san ta ba, ba ka san abin da ta tarar da mijinta ya dawo daga gona ba. Kada in ji ka ambace ta a tasha."

An kafa kwamiti na mutum uku, har da mace guda, kuma in za a faɗi gaskiya sun yi aiki. Sun je ƙauyen, macen ta shiga ta zauna da matar su biyu. Matar ba ta janye maganarta ba. Habu ma bai janye tasa ba. Rikoda ba abin da ke cikinta sai hirar gyaɗa, amma akwai lokacin da aka kashe ta ana jiran a kawo kujera. Tsohuwa ta ce ita dai ta ga baki yana motsi. Bayan mako shida kwamiti ya rubuta cewa an tabbatar ya saɓa ƙa'idar aiki wajen shiga gidan, an kuma gargaɗe shi. Zargi na biyu kuwa babu hujjar da ta tabbatar da shi. Aka sa takardar a ambulan aka ba shi. Mako na gaba ya dawo shirinsa, ya yi sallama kamar wanda ya dawo daga hutu. Filin sanarwa bai sake ambatonsa ba sai ranar da ya rasu.

Ni fa ba na nan lokacin da aka kashe rikodar nan. Na yarda da Habu ne don na san shi tun muna cin tuwo a akushi ɗaya, amma sani ba shaida ba ne. Abin da na sani tabbas shi ne, an fitar da shi ta babbar ƙofa kowa yana kallo, aka dawo da shi ta ƙofar baya. Magana zarar bunu ce. A zaman makokinsa na ji wani dattijo daga wajen Miga, mai ƙaunarsa ne ma, ya zo a bayan babur cikin rana, yana addu'a yana cewa, "Allah ya yafe masa abin nan da ya yi." Shekara uku bayan takardar da ke cikin ambulan.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. A lokacinsa sai manaja ya sa hannu kafin magana ta fita. Yanzu kowa da gidan rediyonsa a aljihu. Kafin a sauke shayin safe an zargi mutum, kafin azahar wurin aikinsa ya fitar da takardar kora don kada wutar ta kama su. Na kuma ga ɗaya gefen a yawona: inda mutum ya yi suna har ya fi ƙarfin a tambaye shi, sai a rufe maganar ruf, wadda ta kawo ƙara ta koma ita ce abin zagi. Wannan ma zalunci ne, kuma na san Habu ba zai so a yi shi da sunansa ba. Ina jin da zai ce a saurari mai ƙara da mutunci, kada a raina ta don wanda take ƙara sananne ne. In ya kama a janye mutum daga aiki kafin a gano gaskiya, a janye shi, amma a tsakanin bango huɗu, a kuma sa wa binciken rana. Ba dakatarwar ce ta karya shi ba, shi da kansa ya ce ya ci a hukunta shi. Shelar ce. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ɗora shi a lasifika.

Ciwon suga ne ya yi ajalinsa, ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da ya bari kuwa ina ganinsa duk kaka. In ka shiga ƙauyukan Miga ka ga an zuba wake a jarka an toshe bakinta tam ba tare da an barbaɗa masa magani ba, to, a bakinsa da yawansu suka fara ji. Zauren Kawu Malam ya sake cika, ƙanen Habu ke zaune a kan buzun yanzu. Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne, mutumin da sana'arsa magana ce, yana da makirufo a gabansa duk mako har shekara uku, bai taɓa amfani da shi ya wanke kansa da sunan matar nan ba. Ni da ko a layin awon kaya ba na iya yin shiru, wannan ya fi ƙarfina. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na gama rubutun nan na ga bai kamata ya fita Alhaji Manaja bai ji ba. Ya yi ritaya, yana nan Dutse, yawanci a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Na karanta masa tun daga farko. Bai katse ni ba, ko da na zo wurin ɗan maraƙi. Da na kai ƙarshe ya ce sanarwar farko kuskurensa ce, ya daɗe da sanin haka, ya kuma nemi gafarar Habu tun yana raye, abin da Habu bai taɓa faɗa mini ba. Na ce to, Alhaji, ta biyun fa, wadda za ta faɗi abin da kwamiti ya gano, me ya hana a karanta? Ya ce ya rubuta ta, kwana uku tana kan teburinsa.

Sannan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam Sale, kwamiti bai ce Habu ya yi ba, amma bai ce matar ta yi ƙarya ba. Kai ka san yadda ake jin filin nan a ƙauye. Na riga na jefa mutum ɗaya a ciki. Da na karanta ta biyun, shi ya fita; ita kuma da za ta ɗauki tulu ta je rijiya washegari, wa zai karanta mata tata?"