Malama Sai-Me Ta Tafi

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, aka kira ni a waya cewa Allah Ya yi miki rasuwa, Malama. Daga gare Shi muke, kuma gare Shi za mu koma. A lokacin saura mako guda in kare kundin digirina na uku, kuma kin yi mini alkawarin zama a kujerar gaba.

Ke ce shugabar ɗakin bincike a makarantarmu ta koyon kasuwanci, amma Malama Sai-Me muke ce miki a bayan idonki, har ranar da kika ji, kika yi dariya kika ce sunan ya yi. Ɗalibi zai kawo alƙaluma cike da shafi yana hura hanci, ki sauke tabarau ki ce, "Na gani. To, sai me?" Wallahi tambayar nan ta sa manyan mutane gumi a ɗaki mai sanyi.

Ɗakin ma sai da kika yi faɗa aka ba mu shi. Kika sa aka buɗe mana rumbun mujallun bincike, kika nemo mai koya mana manhajar lissafi, kika ajiye butar shayi bakin taga da tabarma a lungu saboda masu goyo. A kan tabarmar nan ɗiyata ta kama gefen zanenki ta fara miƙewa.

Da bincikena, wanda nake yi kan yadda shago ke mutuwa bayan rasuwar mai shi, ya gagare ni, na ce na bar karatun. Ko rarrashina ba ki yi ba. Kika ce, "Kin bari. To, sai me?" Sai na koma kujerata.

Jiya na shiga kare kundin. Abokan karatuna suka hana kowa zama a kujerar gaba. Da na gama bayani, baƙon farfesan da aka gayyato ya rufe kundin ya ce, "To, sai me?" Malama, ɗakin ya kwashe da dariya, bawan Allah ya yi turus. Na share hawaye na amsa masa cewa shagon da mai shi ya koyar da na ƙasa da shi ba ya binsa kabari. Na ci, Malama, kuma na yi kewarki matuƙa.

Allah Ya jiƙanki, Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da mu ɗalibanki haƙurin rashinki. Ke da kika sha yi mana tambaya don mu tsira, Allah Ya sauƙaƙa miki taki tambayar a kabari. Amin.