Ɗauko Baba Tanko daga Furana

Daga idar da sallar asuba na bar Likoro a kan acaɓa. Dangi ne suka aike ni Furana in ɗauko Baba Tanko, ƙanin mahaifinmu, tsohon maharbi da ke zaune shi kaɗai a bayan gari, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Mutum biyu sun je kafin ni, ya koro su.

Maƙarfi

Na sha koko da ƙosai a tasha, muka cika bas mai zuwa Ikara. Daga taga na yi ta neman kurmin da birai ke tsallake titi garke guda muna yara. Wayyo, duk ya zama gonar masara! Na tambayi direba, ya ce ai birai sun riga mu tafiya ci-rani.

Ikara zuwa Furana

Ɗan acaɓa ya sauke ni da hantsi. Na durƙusa na gaida Baba, muka daɗe muna gaisawa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi tsaki. Ya ce naman daji iri biyu ne: biri da zabo sai da taro, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi, kyanwar daji kuwa, mai tsinin kunnen nan, ita kaɗai take farauta, ko ɗanta ya girma korarsa take. Shi ma, in ji shi, bai taɓa bin 'yan farauta ba.

Ashe akwai wata tsohuwar kyanwar daji da yake ajiye wa ruwa a kasko duk rani. Ya ce in ya tafi, wa zai ba ta? Raina ya ɓaci, amma na bi shi yana ɗingishi mu duba kaskon. Ruwa na nan cike, babu sawu. Can gindin dutse muka hango ungulaye. Baba ya daɗe yana kallonsu.

"Ka gani, Sani? Ungulu ce ta fara sani."

Ya zubar da ruwan, ya kife kaskon.

"Jeka ɗauko mini buzuna."

Gida

Mun iso Likoro bayan la'asar, jikoki suka yanyame shi. Ya harare ni, ya ce to ga shi na kawo shi cikin birai. Amma bai saki hannun ƙaramar cikinsu ba. Alhamdulillahi da Ya sa mu muka riga ungulu.