Direban Jif ɗin Ɗan Takara

"Kai kake lalata min mota!" Muryar ɗan takara ce nake ji ta bangon ɗakina a unguwar Moshi Zongo, ana gab da zaɓen 'yancin kai.

Na leƙa. Wanda ake wa faɗan direba ne siriri, da tabo a goshi irin na jifa. Yana naɗe famfon fetur na tsohuwar jif da jiƙaƙƙen tsumma. Da sanyin safiya tana tashi, amma in ta yi zafi aka kashe ta, sai fetur ya tafasa a bututu ta ƙi. Ina jin ba kora daga aiki yake tsoro ba. Taronsu na ranar a unguwar 'yan hamayya ne.

A bakin ƙofa direban ya ce, "Alhaji, ka gajarta jawabi. Ba zan kashe inji ba."