Baba Yamusa da Ɗakinsa na Ƙasa

Da an idar da sallar asuba a Jiwa, Baba Yamusa zai saɓa jakarsa, cokalin gini da igiyar awo a ciki, ya tsaya bakin titi yana jiran motar da za ta ratsa gari da shi zuwa Masaka. Haka na san shi tun muna da baƙin gashi. Shi magini ne, ni kafinta. Shi ke barin gurbin ƙofa, ni in cike. Bana jakar tana rataye a ƙusa. Gwiwoyi sun ƙi, kuma a keken guragu 'yarsa Sumayyah take tura shi.

Mutanen Abuja dai kun san mu. Mutum ya samu fili, sai ya zo da hoton gida a waya, ya ce irin wannan sak. A ganinsa gidan kai shi ne wanda ya dace da son ransa na yau: ɗakin mai gida can sama, matakala mai lanƙwasa, ƙofar banɗaki 'yar tsukut don falo ya yi faɗi. Baba zai kalli hoton, ya yaba, sannan ya jefo tambayar da ta sha jawo masa baƙin jini: "Oga, ranar da ƙafa ta ƙi, ina za ka kwana?"

Abin da yake roƙo ɗaya ne. A bar masa ɗaki guda a ƙasa, da banɗaki a ciki, ƙofa mai faɗi, babu dokin ƙofar da za a tsallaka. Wasu suka ce mugun baki gare shi. Wani a Maitama ya hana maigadi sake buɗe masa get.

A gabana suka yi ta da Madam Magdalena, malamar firamare, lokacin da ita da mijinta Bernard suke gini a Masaka.

"Abeg, Baba, kar ka yi mana mugun fata," in ji ta. "Ogana ƙwallo yake bugawa duk Asabar."

"Ni ma na buga, Madam. Ki kira shi sito in kin ga dama, amma ki bar ni in yi."

Ta bar shi, tana mita. Da na kafa ƙofar ta ce wannan ai ta gareji ce. Shekara da shekaru doya da buhunan garin rogo ne suke kwana a ɗakin. Sai wata Lahadi Bernard ya faɗi bayan coci, ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar da aka sallamo shi ina wurin. Magdalena ta kwashe doyar, ta turo mijinta ita kaɗai tun daga mota har bakin gado, ba wanda ya ɗaga shi.

Ba kowa ya bari ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Na san wata dattijuwa da ke saman benen da Baba ya gina wa ɗanta, rabonta da taka ƙasa tun daminar bara. Bikin sunan jikarta ma ta taga ta kalle shi. Da na ba Baba labari ban ga alamar "ai na faɗa" a fuskarsa ba. Cewa kawai ya yi, "Da na ƙara matsa wa ɗan nata."

Kai ne, Baba, ka yarda a kore ka daga aiki da dai ka yi shiru. Kai ne kake auna ƙofa da tsufan mai gida tun yana saurayi. Mai faɗaɗa ƙofa, mun ji maganarka har mun haddace, amma wallahi ba ta shige mu ba.

Ga shaida. Watan jiya magina suka shirya masa walimar ajiye aiki a Masaka. Ina suka kama? Zauren taro a saman shaguna, matakala tsaye cak! Magina fa, waɗanda rabinsu a hannunsa suka koyi ɗora bulo. Sumayyah ta turo shi har gindin matakalar ta tsaya. Sama ana ta gwada lasifika. Wasu suka sauko da gudu za su cicciɓe shi da keken.

"A'a," ya ce. "Ni ba buhun siminti ba ne. Sumayyah, juya mu koma gida."

Kunya ta rufe kowa. Ni dai ƙasa na kalla, idona ya cika.

Sai ga Magdalena ta ratso mutane, ta riƙe hannun keken. "Baba, wane gida? Ƙofarka tana nan. Mu je."

Aka sauko da kulolin shinkafa da kujeru, muka bi su a ƙafa. Bernard yana zaune a ɗakin nan yana jira. Keken Baba ya shige bai gogi ko gefe ba. Ya shafa katakon, ya waiwayo ya ce mini, "Kafinta, ashe ka iya aiki." Aka yi dariya, Magdalena kuwa kuka take.

Mun gode, Baba Yamusa, Allah Ya saka da alheri, Ya sassauta wa gwiwoyin nan. Ku kuma masu shirin gini, da mu masu yi muku, kafin a zaɓi launin fenti a amsa tambayarsa. Mutumin da ya gama rayuwarsa yana yin ta, ranar da tasa ƙafar ta ƙi, a duk unguwar ƙofa ɗaya ce ta karɓe shi, ita ma sai da ya yi rigima kafin a bar shi ya yi ta.