Itatuwan da Suka Nufi Gabas

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina, ba na jin zai iya ɗauke mini ranar da motar kamfani ta shigo ƙauyenmu da dashen itatuwa. Ku da kuka kama aiki jiya-jiya, kuna yawo da kati rataye a wuya kamar ragunan da aka ɗaura wa laya, ku gyara zama. Tsohon gafir zai ba da darasi.

Gafir shi ne mai gadi, ga wanda Larabcinsa bai nuna ba. A tsarin kamfaninmu na wayar hannu, gafir ne a ƙasa. A samansa akwai fanni, mai hawa ƙarfe da sifana a aljihu. A saman fanni akwai muhandis, mai tsayawa a ƙasa yana nuna wa fanni inda zai hau. Can ƙoli kuma akwai mudir a Hartum, wanda ban taɓa gani ba, amma an tabbatar mini yana nan. Ni Isiyaku na yi gadin dogon ƙarfen waya da ke bakin ƙauyenmu, gabas da kogi, tsakanin Sinnar da Dindir. Duk faɗin yankin ni ne babban jami'in kamfani, domin ni kaɗai ne. Karatuna na boko bai yi nisa ba, amma ya isa in ga kalmar haɗari a jikin waya in matsa gefe.

Wata shekara kamfani ya wayi gari da sabon tunani. Aka ce sayar wa mutane katin waya bai isa ba, dole a kula da ƙasa da iska da jama'a, yadda jikoki za su tarar da saura. Aka buɗe ofis guda don wannan, aka raɗa masa dogon suna da Larabci, ma'anarsa nauyin al'umma da ke wuyan kamfani. Da farko aka ɗauke injin da ke mana gurnani da hayaƙi a gindin ƙarfe, aka jera farantai masu shan rana a gurbinsa. Shiru ya sauko wa ƙauye har muka koma jin kukan kurciya. Ni kuma na samu inuwa a ƙarƙashin farantan, wadda na lissafa cikin haƙƙoƙin ma'aikaci. Mataki na biyu shi ne itatuwa. Doka ta ce duk ƙauyen da ke da ƙarfe za a dasa masa darbejiya a kewayen ƙarfen, da filin makaranta, da ƙofar gidaje, sannan a ɗauki hoto a aika Hartum.

Motar ta iso a ƙarshen damina, cike da 'yan dashe a cikin baƙar leda, kowanne tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Tare da su aka aiko Ustaza Samiya daga wancan ofis mai dogon suna, 'yar birnin Madani, lulluɓe da farin tobi irin na mata ma'aikata. Hausarta duka ba ta wuce sannu ba.

"Ya Ammu Ishag," haka take kirana, wato Baffa Isiyaku, "gobe da safe ka tara mini mutane da fartanyu, mu gama kafin rana ta yi zafi."

Na ce mata tamam, wato shi ke nan. Ma'aikacin kirki ba ya buɗe baki da musu. Amma na san ba fartanyar da za ta zo.

A nan sai na yi muku bayani, don wasunku a birni aka haife ku, kuna jin Hausa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Mu mutanen ƙauyen nan ba zama muka zo yi ba. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, da niyyar Makka. Suka iso nan guzuri ya ƙare, suka ce bari a yi noma shekara guda a ƙara gaba. An haifi ubana a cikin wannan shekara gudan, an haife ni a cikinta, na haifi nawa, kuma har yanzu ba ta cika ba. Muna noma dawa da gyaɗa da riɗi, abin da za ka girbe ka ɗaure ka aza a ka. Itace kuwa ba ma dasawa. In ya fito da kansa a bayan gida ba ma korarsa. Amma ka haƙa rami da hannunka ka sa abin da sai bayan shekaru zai yi inuwa, to ka shaida wa duniya ka kwance kaya, ka fasa tafiya.

Samarinmu suna dariyar wannan magana, wasunsu ma sun yi gini da jan bulo. Sai dai akwai Baba Hamidu. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taka hanyar, ko in ce aka taka da su, don a bayan uwarsa ya shigo ƙasar nan. Sandar ubansa tana jingine a bakin ƙofarsa, kullum a shirye. Muddin yana numfashi, babu mai ƙarfin halin haƙa ramin farko a gabansa.

Da safe jama'a suka zo, ba laifi. Suka gaida Ustaza, suka tambayi mutanen Madani, suka yaba koren ganyen dashe. Wannan ya ce an ari fartanyarsa, wancan ya ce bayansa ya riƙe, wani ya ce sai ya tambayi yayansa, alhali yayan yana tsaye kusa da shi yana kallon sama. Rana ta take, kowa ya yi mana fatan alheri ya tafi.

Kwanaki suka fara tafiya. Ƙasarmu baƙar laka ce: da damina ta riƙe maka takalmi, da ruwa ya ɗauke ta tsage ta yi tauri kamar ƙasan tukunya. In ta kai haka kafin a dasa, dashen ya mutu a ledarsa. Na jera su a inuwar farantai ina ba su ruwa safe da yamma, ina korar awaki, amma ganyen ya fara sunkuyar da kai. Da azahar, in na kishingiɗa kusa da su, kawalwalniya takan tashi a kan hanyar gabas, sai in ga kamar ƙauyen duka ya ɗaga daga ƙasa, da bukkokinsa da jakunansa da tsofaffinsa, yana shawagi a hankali zuwa inda ake cewa akwai teku. In na murza ido sai in ga akuya ta kusa kai baki ga dukiyar kamfani.

Ustaza ba ta koma Madani ba. Ta sauka a gidan malamar makaranta, kullum ta zo ta tsuguna tana taɓa ganye ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ta ɗago ta ce, "Ammu, ka gaya mini gaskiya. Me muka yi musu?"

Na gaya mata. Sai ta sake tambaya.

"Shekara nawa ke nan suna kan hanya?"

"Ustaza, ba mu ƙirga. Wanda ya ƙirga sai gabansa ya faɗi."

"Kai ni wurin tsohon."

Muka same shi bayan la'asar a wurin zamansa, bakin hanyar gabas, inda ƙauye ya ƙare. A can yake da randuna biyu na sabil, ruwan sadaka da ake ajiye wa mai wucewa, a ƙarƙashin wata rumfar buhu da iska ta gama yagawa. Baba Hamidu ya yi kasuwanci a Sinnar tun kafin a haifi uban Ustaza, Larabcinsa ya fi nawa. Amma in magana ta yi nauyi, Hausa kaɗai kunnensa ke ji. Dole na zama tafinta, ba tare da an ƙara mini muƙami ba.

"Salamu alaikum, ya Haj," in ji ta.

Ya amsa sallama, ya dube ni. "Isiya, gaya wa ɗiyar ga ban je ba tukuna. Kada ta ba ni abin da ba nawa ba."

Ta zauna a gefen tabarma. Ta yi masa bayanin iska mai tsabta, da zafin duniya da ke ƙaruwa, da burin kamfani na shekaru masu zuwa. Na juya masa da Hausa, na ɗan rage tsawo don tausayi. Ya saurara yana lumshe ido.

"Kamfanin ga naku, shi ma shina da inda ya dosa ke nan?"

Ta ce yana da shi.

"Ya kai?"

Ta yi murmushi ta ce tukuna.

"To ashe 'yan uwa muke."

Daga nan ya shiga ba ta labarin teku. Bai taɓa ganinsa ba, uwarsa ce ta ba shi labari, ita ma ba ta gani ba. Ya ce ruwa ne da ba shi da ɗaya gefen, shuɗi kamar rini, in ka tsaya a bakinsa da asuba kana jin ƙanshin ƙasar da ke hayi. Ya ce ubansa ya rasu fuskarsa tana duban can. Ustaza ta taɓa zuwa bakin tekun nan a motar kamfani, ni na sani, amma ba ta gyara masa ko kalma ɗaya ba. Sai ta ce in tambaye shi jiragen ruwan wane launi ne. Ya ce farare.

Ana cikin haka wani makiyayi ya biyo hanya da shanunsa, ya yi sallama, ya ɗebi ruwa a randa. Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya shanye don kunya, ya yi godiya ya wuce. Baba Hamidu ya miƙa hannu ya taɓa cikin randar. Rana ta wuni tana dukanta ta ramukan buhu. Na ga kunya ta kama shi, irin wadda ke kama mai gida in baƙo ya tarar da tuwo ya ƙone.

Ya bi shanun da kallo har suka zama ƙura. Sannan ya ce, "Iccen ga nata, shekara nawa kafin shi rufe randa?"

Ustaza ta ce uku ko huɗu, in ya samu ruwa.

"Lokacin ba ni nan," in ji shi. Ban tambaye shi inda zai kasance ba. Ya ci gaba, "Ba a ƙofata ba, Isiya. Ba a ƙofar kowa ba. Amma hanya ba gida ba ce. Akwai na bayanmu da ba su iso ba, za su zo da ƙishi. A sa su nan, a bi hanya da su har inda suka ƙare."

Da na juya mata, sai ta kama gefen tobinta tana murzawa. Doka ta ce kewayen ƙarfe da makaranta da gidaje, ba ta ce hanyar shanu ba, kuma Ustaza ba ta daɗe da kama aiki ba. Ta ciro waya ta kira mudir. A wannan ƙauye in ba komai, waya tana kamawa, da ikon Allah da gadina. Ina jin muryarsa 'yar siririya yana tambaya ko ƙarfen kamfani zai fito a hoto. Ta ce zai fito, in mai hoto ya ja da baya sosai. Ya tambaya wa zai ba itatuwan ruwa. Ta dube ni, na dubi Baba.

"Wanda ke cika randa," in ji shi, da Larabci tsantsa.

Mudir bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce zai duba. Ustaza ta kashe waya ta ce, "Ammu, kafin ya gama dubawa ƙasa ta bushe. Kawo fartanya. In an yi faɗa, ni za a yi wa."

Ni na haƙa ramin farko, a gefen randuna. Baba Hamidu ya yage ledar da kansa, ya sa dashen, ya mayar da ƙasa, ya danne da diddige, ya zuba masa ruwan nan mai ɗumi. Washegari fartanyun da aka ara duk suka dawo hannun masu su, bayan da ya riƙe ya saki. Mata suka fito da tuluna. Muka bi hanya muna dasawa, ƙauye yana ƙanƙancewa a bayanmu, har leda ta ƙarshe ta ƙare a bakin wani rafi. Tsofaffi da yawa sun ce rabonsu da yin nisa haka ta gabas tun suna yara. Wasu suka tsaya a wurin suna kallon gaba, fartanya a kafaɗa, ba su son juyawa.

An yi wa Ustaza faɗa, ba mai yawa ba. Awaki sun ci rabonsu, fari ya ci nasa, sauran suka kama. Baba Hamidu ya ga itacensa ya kai masa kafaɗa, sannan aka kai shi makwanci ta wannan hanyar.

Abin da na koya a aikin nan, ku rubuta tunda ku kun iya: kamfani yakan zo da alherinsa a ɗaure cikin mota, da wurin da za a ajiye shi tun daga Hartum. Alherin na gaske ne, ban raina ba. Amma mutanen da za ku kai wa su ma suna da inda suka nufa, ko da kun tarar da su zaune. Ku sauka ku tambaya. Kuma in kun samu shugaba mai cewa in an yi faɗa shi za a yi wa, ku riƙe shi da kyau, ba a kowace mota ake aiko irinsa ba.

Yanzu da na ajiye aiki, wata la'asar nakan bi inuwar nan a hankali, itace bayan itace, har bakin rafi. A can inuwa take yankewa, hanya kuma ta ci gaba cikin rana. Nakan tsaya in dube ta, in gaya mata ban fasa ba. Sannan in juyo gida, don gwiwa ba ta son sanyin yamma.