Ƙofar Kawu Ta Tsaya a Rabi

Duk layinmu, ƙofar shagon Kawu mai aski ce kaɗai ba ruwanta da dama ko hagu. Ta ƙarfe ce, sama ake tura ta, ta naɗe kamar tabarma, tana kuka sai ka ce jaki ya ga kaya. Da kukan nan iyaye ke tashin 'yan makaranta.

Ƙofar ce bakinsa. In ta kai sama, bismillah. In ta tsaya a rabi, ya ɗan fita, a zauna kan benci a jira. In kuwa taƙi ɗaya ta ɗaga, matarsa Gwaggo ce ta ɓata masa rai, mai son kunnuwansa ya dawo gobe.

Ba ya barin kowa ya taɓa ta. "Ranar da na kasa ɗaga ta, ranar zan rataye almakashi," in ji shi. Ɗansa, mai son mai da shagon na sayar da waya, sai ya ce amin a zuci.

Wata safiya muka tarar da ita a rabi. Ni da mai walda da direba muka baje kan benci, muka buɗe faifan Kawu. Direba ya ce askinsa yanzu kamar akuya ta yi kiwo. Na ce ai madubin ma tsoronsa yake ji. Har rana ta take, babu Kawu.

Makullin direba ya faɗi, ya sunkuya, sai ga ƙafafu a cikin shagon.

"Kawu! Kai ne?"

"A'a, akuyar ce."

Muka kutsa a duƙe. Yana zaune kan kujerar aski, dafe da kafaɗa, almakashi a cinya. Ashe ƙofar ce ta gagare shi.

Mai walda ya ƙwanƙwasa ƙarfen. "Tsatsa ce, Kawu. Ko ƙato ba zai iya shi kaɗai ba. Kama nan, mu gyara mata zama."

Kawu ya kama tsakiya, muka sa kafaɗa a gefe. Ta tafi sama da kukanta.

Daga ranar, kowace safiya sai wani cikinmu ya "biyo ta nan," ya sa kafaɗa. Kawu na riƙe da tsakiya yana faɗa: "Ku matsa, kuna tare ni!" Haka ya yi ta yi mana kiwon akuya har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu shagon waya ne, ƙofar gilashi, ko tari ba ta yi. Ni dai har yau sai na duƙa nake shiga, kamar ƙofar Kawu na nan a rabi.